Motar da za ta kai Hasiya asibiti

Malama, ina gaisuwa. A taimaka mani da shawara, don gidana ya rabu biyu kan mota, kuma ni kaɗai ne a ɓangare guda.

Tun shekarar da anka karya darajar sefa nike dillancin shanu a kasuwar Tawa. Ban yi boko ba, ɗiyata Habsatu ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata in ta rage kalma guda Allah na gani. Amma tambaye ni bijimin da wane ya saida ma wane a shekarar, in faɗa miki launinshi da kamar ƙahonshi. Ban taɓa sayen dabba anka cuce ni ba.

Matata Hasiya na da ciwon fuka. Kowane wata sai an kai ta asibitin Tawa daga nan Barmu, in kuma abin ya taso mata ba ya jiran ranar kasuwa. Bara bisa babur munka kai ta, ta isa ko magana ba ta iyawa. Na rantse ba a sakewa. Ɗana Sama'ila, da ya shekara shida a Abijan, ya aiko da kuɗin mota, ya ce babu wasu bayansu. Mijin Habsatu, Illa, shi zai riƙa tuƙi.

Na tafi wurin Dodo mai saida motoci. Na ga wata babba, kat-kat, irin mai ratsa rairayi, tsohuwa amma mai ƙirji. Na ƙwanƙwasa jikinta, ƙarfe ne na da, ba gwangwani ba. Na duƙa na duba ƙafafunta, na sa anka tashe ta na ji kukanta. Haka nike duba shanu, kuma dubana bai taɓa ba ni kunya ba. Kuɗinta ma bai kai na ƙaramar da yaran ke so ba, wadda in na jingina da ita sai ta yi rawa. Wai ba ta shan mai, wai ba ta ɓata iska. Ni za a koya ma ɓacin ƙasa? Na san lokacin da in ka kama hanyar Takanamat inuwa ke miƙa ka ga inuwa. Gatari da fari sunka cinye itatuwan, ba hayaƙin mota ba.

Abu guda dai ke cina. Da Dodo ya tashe ta sai ta yi baƙin hayaƙi, ni kaina na yi tari. Ya ce don ta daɗe tsaye ne. Da na tambayi shan manta, sai ya kama yaba mani tayoyi. Na san wannan, ni ma in sa na ɗingishi ƙahonshi nike yabo. To amma ƙaramar fa? In damina ta sauka, motar ta kafe cikin rairayin kwarinmu, Hasiya na ciki tana neman numfashi, wa za ni kama?

Ban ƙulla ciniki ba tukuna, don in na ce na saya ba ni komawa baya. Gobe da safe za ni wurin Dodo in ce ya riƙe mani babbar motar har kasuwa biyu. In ban ji daga gare ki ba, babbar za ni ɗauka.

Tsohon Dillali, Barmu

AMSA

Baba, tsoronka na rairayi gaskiya ne, kada yara su raina shi. Motar da cikinta ke gogar ƙasa ba ta hanyarku ba ce. Amma su ma ba wasa suke ba. Nauyin nan da ya burge ka, mai ne ke jan sa, kuma kai za ka riƙa sayen man. Motar da ke tsaye a ƙofar gida babu mai ba ta kai kowa asibiti.

Batun hayaƙi kuwa, bar itatuwa tukuna. Iskar da ta fi kusa da kai ita ce wadda Inna Hasiya za ta shaƙa a kujerar baya. Abin da ya sa lafiyayye tari a fili, me zai yi wa mai fuka a rufe?

Ka gwada su duka biyu. A cika tanki, Illa ya tuƙa zuwa Barmu ta kwarin nan ya dawo, a sake cikawa, ka ƙirga litar da idonka. Bayan inji ya yi zafi a sake duba hayaƙin, Habsatu ta zauna a baya ta ji ko wari na shiga. Ka tafi da bakanikenka, ba na Dodo ba. In Dodo ya hana gwaji, ya riga ya ba ka amsa.

Kuma ba su biyu kaɗai ne a Tawa ba. Nemi matsakaiciya, mai doguwar ƙafa da ƙaramin inji, wadda ake samun kayan gyaranta a gari. Kada kuɗin su tafi duka a saye, a bar na takardu da taya da man wata uku.

Kafin ka ƙulla ciniki, kira Sama'ila ka faɗa masa abin da gwajin ya nuna, guminsa ne. Allah ya ba Inna lafiya, ya haɗa ku da mai albarka.