Kwamfutar ɗakin magani ta daina daskarewa

Daren Talata, cikin Sha'aban, Ƙuba

Alhamdu lillahi, yau kwamfutar ɗakin magani ba ta daskare ba.

Tun zuwana asibitin nan nake fama da tsohon shirin NetBIOS ɗin da na gada, mai haɗa kwamfutocin asibitin. In Baba Usman mai ba da magani ya nemi bayanin maras lafiya, sai shirin ya aika tambaya ga babbar kwamfuta ya tsaya cak, ba abin da ke motsi sai amsa ta dawo. Jiya wata tsohuwa mai ciwon sukari ta gaji da tsayuwa har ta zauna a ƙasa. Baba Usman bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ya muhandis, injiniyanmu, haram wallahi, dubi uwar nan." Da maganar na kwana.

Da safe na mai da kiran da shirin ke yi wa babbar kwamfuta irin wanda ba ya jira. Shirin ya aika tambaya, a ci gaba da aiki, in amsa ta iso a sanar da shi. Gwajin farko ya tsorata ni, don amsoshi biyu sun faɗa wuri ɗaya, maganin wani ya fito ƙarƙashin sunan wani. Allah ya sa sunayen gwaji ne. Na ware wa kowace tambaya wurinta, na yi ta gwadawa har la'asar.

Bayan magariba layin masu karɓar magani ya tafi sumul. Baba Usman ya miƙo mini shayi, ya ce, "Halas, an gama, ɗana, tafi gida."

Gobe dai zan tsaya bayansa in duba kowane suna da idona, sannan hankalina ya kwanta.