Ruwan Cikin Sadiƙa

Unguwar Lalle, Sabon Birni

Zuwa ga Yaya Kassimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali can Agadas. Inna tana nan da sauƙi, gero kuma ya yi kyau bana. A waya kuka ya hana ni yi maka bayanin rasuwar ƙanwarmu Sadiƙa, shi ya sa na zauna in rubuta.

Tun farkon damina, tana da ciki, jininta ya yi ƙasa. Idonta ya yi fari, ƙafafu suka kumbura, ko tsakar gida ta ratsa sai ta zauna tana haki. Mijinta Halliru ya kai ta asibitin Sabon Birni, aka tura mu Sakkwato. Likita ta ce cikin ya fi ƙarfin zuciyarta, gara a fidda ɗan da wuri, amma sai an san ko huhunsa ya ƙosa. Aka sa allura ta cikinta aka ɗebo ruwan da ɗan ke kwance ciki, ina riƙe da hannunta. Awon ya nuna huhun bai ƙosa ba, in aka fidda shi da wuya ya yi numfashi.

Yaya, sun faɗa mata haɗarin jira, ba su ɓoye komai ba. Na roƙe ta ta yarda a fidda shi, Halliru ya roƙe ta. Ta ce ta binne 'ya'ya biyu, ba ta iya binne na uku, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Aka yi ta ƙara mata jini, har da nawa da na Halliru. Da aka sake awon, aka ce huhun ya ƙosa, aka yi mata aiki.

Namiji ne, ya faɗo da kuka. Da ta farfaɗo, abin da ta tambaya kawai shi ne ko da kansa yake numfashi. Na ce mata da kansa. Ta yi hamdala. Ba ta kai la'asar ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

An raɗa masa suna Nura. Bilki matar maƙwabcinmu Kalilu ke ba shi nono, ni kuma za ni riƙe shi. Inna ta ce ka zo ka gan shi.

Ka gaida Nana Firdausi da Abdurrazak da Ummi. Ku sa ta cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa