Sunan Mahaifiyata Yana Komawa Ruwan Zinare

Kawu Cheang, don Allah ka taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai yi mini dariya ba, ko kuma bai ja kujerarsa baya ba.

Ni mace ce, na haura shekara talatin, aikina gyaran manhajar kwamfuta a wani ƙaramin kamfani a George Town, babban birnin tsibirinmu. Bara aka ba mu aikin gidan ajiye tokar gawarwakin da aka ƙone na wani haikali da ke kan tudun Air Itam, inda tulun tokar mahaifina yake. Suna da tsohuwar manhaja a kwamfutar ofis mai nuna gurbin kowane mamaci da hotonsa da sunansa. Kwamitin haikalin ya ce a mayar da ita kan babban allo na shafawa irin na waya, a kafa shi a bakin ƙofa, masu ziyara su nemi nasu, ma'aikata kuma su yi gyara a nan ba sai sun koma ofis ba.

Tsohuwar manhajar don linzamin kwamfuta aka yi ta. Menu a cikin menu, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ka ɗora kibiya a kan kalma sai wani jerin ya zaro kansa daga gefe. Yatsa ba ya iya wannan. Yatsa ƙato ne, kuma ba ya shawagi a kan abu, ko dai ya taɓa ko bai taɓa ba. Shi ya sa na rushe menun gaba ɗaya, na rarraba umarnin a kan hotuna da sunaye. Akwai umarnin da ke canza mutum daga mai jiran gurbi zuwa wanda ya iso, wato daga mai rai zuwa mamaci. A da yana can ƙasan menu na uku, kuma sai kwamfutar ta tambaye ka ko ka tabbata. Ni na mayar da shi sauƙaƙe: ka danna sunan, ka riƙe na ɗan lokaci, shi ke nan. Kalmar sirri kuwa, Kawu Eng Huat mai kula da wurin ya ce shi ko lambar wayarsa ba ya riƙewa, shugabana ya ce a cire ta. Har yabo na sha a ofis.

Gurbin iyayena na miji da mata ne. Baba a hagu, sunansa da ruwan zinare. Mama a dama, sunanta da ja tunda tana raye. Haka yake a jikin marmarar da ke rufe gurbin, haka na yi shi a allo. Gurbin yana hawa na sama, gwiwoyin Mama kuma sun daina hawa bene. Da allon ya zo ba wanda ya kai ta murna, domin ga Baba a bakin ƙofa, fuskarsa ƙatuwa tana haske. Kullum sai ta shiga bas da safe, ta kunna turaren tsinke, ta tsaya gaban allon tana ba shi labarin tsadar kifi da rashin aurena.

Wata rana da rana tsaka na dawo gida cin abinci, na same ta zaune da takalmanta a ƙafa, ba ta ma cire ba. Ta ce, "Auta, babanki ya canza mini fenti." Na je na duba. Sunanta a allo ya koma ruwan zinare.

Na mayar da shi ja, na ce mata kuskuren na'ura ne. Bayan 'yan kwanaki ya sake komawa. Na gyara, ya kuma komawa. Ba na kowa ba, Kawu, a cikin dubban sunaye, nata kaɗai.

Na san abin da za ka ce, wani ne ke dannawa. Ni ma haka na ce. Na tambaye ta, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta ɗora yatsa a kan jan sunanta a gidan matattu. Ban taɓa ganin yadda take yi a gaban allon ba, domin ko na kai ta da mota can gefe nake komawa. Wa ke tsayawa a kan uwa tana hira da mijinta? Kyamara kuma kwamiti ya hana, sun ce ba a ɗora wa masu hutawa ido. Kawu Eng Huat dariya ma ya yi, ya ce, "'Yata, shekara da shekaru ina share wa mutanen nan ƙura, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Sai da kika kawo musu talabijin suka samu baki." Yayana da ke Singapore cewa ya yi in kashe allon in kunna.

Kuskuren da na tafka shi ne da na yi wa Mama bayanin yadda gilashin ke aiki, cewa ba ya jin sanda ko tsumma, fata yake ji. Na gwada a gabanta da laimarta. Ta dube ni ta ce, "To ke mai karatu, laima ba ta iya ba, ni ban taɓa ba. Hannun wa ya rage?"

Ga abin da ya hana ni sukuni. Makon da zazzaɓi ya kwantar da ita a gida, na je ni kaɗai da azahar. Zauren ba kowa, Kawu Eng Huat ya tafi cin abinci, sai fanka ke juyawa. Na buɗe gurbinmu, na ga sunan ja ne. Waya ta shigo mini, na fita baranda na amsa. Da na dawo, zinare ne. Kuma a jikin gilashin, daidai kan sunan, akwai wani dishi-dishi mai kama da tafin hannu, ya fi na Mama girma. Na taɓa wurin, da ɗumi. Ban san lokacin da na kai mota ba.

Yanzu Mama ta daina shan maganin hawan jini, ta ce ba amfani a sa Baba ya yi ta jira. Ba ta cin komai sai kunun shinkafa rabin kwano. Ta ba maƙwabciyarmu kaskon suyarta, wanda ni ko wanke shi ba a yarda in yi ba. Ta kai rigarta mai ruwan toka, wadda ta ware don ranar mutuwarta, wajen guga. Kuma fara'a take yi, Kawu, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta a sake haka ba.

Cire umarnin nan aikin shan kofi ɗaya ne a wurina. Na gaya mata zan cire, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Kada ki kuskura ki rufe masa baki. Mutumin da bai iya magana ba yana raye, yanzu ya samu hanya." In na cire a ɓoye, za ta ce ya yi fushi ya daina kiranta, ban san abin da hakan zai yi mata ba. In na bari, ina kallo tana ƙarewa. Watan bakwai kuma, wanda ake cewa matattu na dawowa ziyara a cikinsa, ga shi nan tafe, har wasu tsofaffi sun fara zuwa suna tsayawa gaban allon ko nasu ma za su ce wani abu. Yaya zan yi?

Auta Mai Fargaba, Air Itam

*

'Yata Auta,

Ban yi dariya ba, kujerata ma tana inda take, ko da yake na ɗan waiga.

Bari in fara da tsohuwar manhajar da kika rushe. Ban san wanda ya yi ta ba, amma ina jin mutum ne mai ladabi. Ya san kafin a ce wani ya mutu sai likita ya duba, an kira dangi, shi ya sa ya binne umarnin a bayan ƙofa uku, ya kuma tsayar da mai gadi yana tambaya ko an tabbata. Ku 'yan zamani kun tsani ƙofofi. Yawanci kuna da gaskiya, ni ma na gaji da latsa abu biyar kafin in ga sakamakon ƙwallo. Amma akwai umarnin da wahalar kai wa gare shi ita ce amfaninsa. Ke kin ɗauko mutuwa daga ƙasan menu kin ajiye ta a bakin ƙofa, inda kowa ke jingina.

Yanzu ga zatona. Na daɗe ina kallon tsofaffin matan tsibirin nan a gidajen toka. Ba sa nuna hoton mamaci da yatsa, rashin kunya ne. Tafin hannu suke shimfiɗawa a kan gilashi, su bar shi a nan har su gama magana, kamar mai jin zafin goshin yaro. Ki auna da kanki: in yatsunta suna kan kuncin babanki a hagu, ina gindin tafin zai sauka? Ina jin mahaifiyarki gaskiya ta faɗa. Ba ta ɗora yatsa a kan sunanta ba. Ke kuma kin gwada aikinki da yatsan 'yan ofis, masu taɓawa su janye kamar sun taɓa tukunya, kunya kuma ta hana ki kallon hannun da aka yi allon dominsa.

Akwai zato na biyu, ya fi nauyi, ki yi haƙuri da ni. Karon farko tsautsayi ne, na yarda. Amma macen da ta iya gane kifin jiya daga nesa ba za ta yi ta maimaita abu ba tare da ta lura da abin da hannunta ke yi ba. Mai yiwuwa wani ɓangare na zuciyarta ya sani, yana kuma son ganin sunayen nan biyu da launi ɗaya. Wannan ba ƙarya ba ce, kewa ce, irin wadda ke sa mutum ya bayar da kaskonsa. Likitoci suna da suna da magani ga wannan, kuma ta fi fatalwa kisa.

Ranar azahar ɗin nan kuwa, ba ni da amsa. Na karanta labaran fatalwa fiye da yadda ya dace da mai furfura, kuma zan iya jero miki dalilai: allo kullum da ɗumi yake, hayaƙin turare da danshin tudu suna barin dishi a gilashi, tsaka ma fata gare ta, wani baƙo kuma yana iya wucewa ya dafa. Duk suna yiwuwa. Ba zan rantse a kan ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne, ko hannun wane ne, ba shi da hurumin hana tsohuwa maganinta.

Ga abin da za ki yi. Kada ki cire komai a ɓoye. Tsoronki daidai ne, shirun da zai biyo baya za ta karanta shi a matsayin saƙo, kuma ba ki san me za ta karanta ba. Ki fara da likita, gobe, ba bayan watan bakwai ba. Ki gaya masa maganar maganin da kwanon kunun da rigar guga, kada ki rage komai. Yayanki kuma ya hau jirgi. Wannan ba ta gyaruwa da kashewa da kunnawa.

Sannan ki kai ta haikalin, ki ajiye kunya a mota, ki tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita. Ki ce kina so ku gaishe da babanki tare. Ki dubi hannunta. In abin da nake zato ne, kada ki yi murnar kama ɓarawo, ki ɗora tafinki a kan nata kawai, ku ga launin ya canza tare. Daga nan ki gaya mata a gabansa cewa za ki mayar da umarnin ofis, bayan kalmar sirri da tambayar tabbatarwa, allon ƙofa ya zama na ziyara kaɗai. Kawu Eng Huat ya koyi riƙe lamba huɗu, ba zai mutu ba, in ma ya mutu yana kusa da wurin. Kada ki taɓa hoton. Ki bar mata shi da girmansa da haskensa, ta dafa yadda take so. Ki yi wannan don sauran tsofaffin da suka fara layi ma, domin kowannensu yana da tafin hannu.

Za ta ce kin rufe masa baki. Kada ki yi gardama a kan ko yana magana ko ba ya yi, ba za ki ci ba. Ki ce mata ke ma kina da baki, kuma ba ki shirya zama marainiya gaba da baya ba. Na san a gidajenmu ba a faɗin irin wannan, sai dai mu tura wa mutum cinyar kaza a kwano mu yi shiru. Wannan karon ki faɗa da kalmomi. Wata da watanni tana jin kira daga ɓangare ɗaya kawai.

In kuma da gaske babanki ne, to ki roƙe shi cikin ladabi ya ƙara haƙuri. Shi ba inda za shi, lokaci kuma ba ya ƙare masa. Ke ce naki ke ƙarewa.

Ina yi wa Mama fatan lafiya da tsawon rai, ke kuma ƙarfin zuciya.

Kawu Cheang