Gilashin da Baba Ya Zaɓa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan duk lafiya lau. Mama ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi wa kowa faɗa a kan barin ƙofar kicin a buɗe, ka ga kuwa sauƙi ya samu. Ni ma aikin kemis yana tafiya, sai dai yawan tsayuwa.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Maganar Baba ce da shagonsa na hoto. Ka san tun bara gwiwarsa ta hana shi sakat. Abin da ba ka sani ba, don shi ya hana mu faɗa maka, shi ne abin da ya faru a bikin yaye ɗalibai na makarantar da yake yi wa hoto shekara ashirin da 'yan kai. Gilashin da ke gaban kyamararsa irin wanda ba ya jawo nesa ne. In yana son fuska ta cika hoto sai ya taka ya matsa, in yana son aji guda ya shiga sai ya ja da baya. Da ƙafa ya yi sana'arsa duk rayuwarsa, kuma yana tinƙaho da hakan. To, bara ƙafar ta ƙi. Kafin ya ɗingisa ya isa gaban dandamali, yara bakwai sun karɓi takardar shaidarsu sun sauka ba hoto. Iyaye suka yi ta ƙorafi. Shugabar makarantar tana ganin girmansa ƙwarai, amma ta gaya masa cikin ladabi cewa za ta ba shi aikin bana, in aka sake haka kuwa dole ta nemi wani. Makarantar nan ita ce ta riƙe shagon. In ta tafi, abin da ka daɗe kana so, wato ya rufe ya zauna a gida, zai faru ne ba da son ransa ba. Kwana uku ya yi ba ya cin abincin kirki.

Da bikin bana ya matso, ni na kawo shawarar ya sayi zum, wato gilashin da ake murzawa ya jawo abin da ke nesa, ko ya buɗe ya kwashi ɗaki gaba ɗaya. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce wannan kayan malalata ne. Na bar shi. Bayan mako guda, ina shirin fita aiki, ya ce in ɗauko jakata in raka shi sayen zum ɗin. A hanya na ce masa ai in aka gaya maka za ka aiko da mafi tsada. Ya ce a'a, abin da shago bai iya saya wa kansa ba bai dace da shagon ba.

Shagon kyamarorin ɗan tsukuku ne a saman bene, da akwatin gilashi cike da kaya da fanka mai ƙara. Mai shagon ya ga tsoho da sanda, ya ɗauka ya samu garaɓasa. Ya fara fito da wani dogo mai nauyi, ni har na fara washe baki. Baba ya ɗaura shi a kyamara, ya ɗaga ya riƙe, har nauyin ya gajiyar da hannunsa, sannan ya ajiye ya ce biki awa uku ake yi. Sai aka kawo wani sabo dal mai araha, wanda wai yana jawo har abin da ke ƙarshen titi. Nan ne Baba ya zaro shafin tsohuwar jarida da salatif daga aljihu, ya sa na manna a bango, ya ɗauka, ya ƙara girman hoton ya nuna mana gefe-gefen. Rubutun tsakiya ya fito tar, na kusurwa kuwa duk ya dagule. Ya mayar da shi yana cewa, “Yaran da ke ƙarshen layi su ma suna da iyaye.”

Na ukun na hannu ne, matsakaici, fentinsa ya ɗan goge, ƙarfin jawowarsa daga milimita goma sha takwas zuwa ɗari da arba'in. Yaya, da ka ga yadda ubanmu ya bincike shi. Ya haska tocila ta cikinsa yana neman fumfuna da ƙura. Ya kifa shi ƙasa ya ga ko zai zame da kansa. Ya kara shi a kunne ya saurari injin. Ya sa aka kashe fitilu, don zauren makarantar ba shi da wadataccen haske, ya gwada maɓallin da ke hana hoto rawa. Jaridar ta fito tsaf har kusurwa. Mai shagon da ya fara da cika baki ya ƙare da jawo masa kujera yana roƙon ya sake nuna masa dabarar jaridar. Ina tsaye a gefe kaina sai ƙara girma yake yi, kamar ni na koya masa.

Mako biyu ya yi yana gwaji a tsakar gida, zaune a kujerar roba. Mama ce ɗalibar. Sai ta taho daga ƙofar ɗaki, in miƙa mata faranti a matsayin takardar shaida, shi kuma ya murza ya ɗauka. In ta yi sauri ya ce ta sake, in ta yi nawa ya ce ba ɗalibin da ke tafiya haka. Ta ce a ƙalla sau ɗari aka yaye ta, kuma har yau ba ta ga kyauta ba.

Ran bikin na nemi hutu na ɗaukar masa kujerar. Ya zaɓi wuri a gefen dandamali ya zauna, bai tashi ba har aka watse. Gabana ya yi ta faɗuwa duk lokacin da aka kira suna, amma yaro ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Da muka koma shago muna duba hotunan a kwamfuta, sai ga wani da ban san ya ɗauka ba. Wata mata ce can bayan zaure, jikin ƙofa, da rigar aiki da tsintsiya a hannu ɗaya, ɗayan hannun ta toshe bakinta da shi, hawaye ya wanke mata fuska. Mai sharar makarantar ce, 'yarta aka kira. Ya ce sheshsheƙa ya ji, ya juya ya murza ya ɗauke ta, ya dawo bai rasa yarinyar ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a hankali, “Shekara ashirin ina ba iyaye baya. Ban taɓa ganin fuskarsu ba.” Wallahi sai da na fita waje na share idona.

Ya wanke hoton babba ya kai wa matar da kansa. Shugabar makarantar ta ce aikin baɗi nasa ne, tun bai tambaya ba.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Gwaggo da Kawu suna miƙa gaisuwa. A gaishe mini da Anti, a shafa mini kan 'yan biyu. Na sa maka kwafin hoton a cikin ambulan ɗin nan. Don Allah ka zauna ka dube shi da kyau kafin ka sake ce wa Baba ya huta.

Taka har kullum,
ƙanwarka Auta