Wandon hawan dutsi

Tawa, Laraba bayan isha'i

Yau na sayi wando wurin 'yan bosho masu sayar da gwanjo, don ran Asabar zan sake hawan dutsin nan na bayan Bambeye in kai allurar rigakafi. Wandon jin da na gwada ya matse ni, sai na ɗauki kaki mai kauri, gwiwarsa ninki biyu. Na tsuguna, na ɗaga ƙafa gaban mai kaya, mutane na ta dariya.

Da na nuna wa Hadiza, ta shafa shi ta ce, "Maigida, wancan satin ba wando ya kada ka ba. Gwiwarka ce."

Yaran ƙauyen na can bisa suna jira, kuma in ban hau ba, babu mai hawa. Yanzu ma gwiwar zogi take.