Agogon Baba a Hannun Inna

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara tsare ku a inda kuke. Mu ma da sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Na kasa faɗa maka a waya ne saboda kullum Inna na kusa.

Ka tuna agogon da asibiti suka ɗaura wa Baba bayan an sallame shi, mai ƙirga bugun zuciya da taku yana aika wa likita? Ranar Talata na raka shi asibiti. Likitar ta juyo mana da kwamfutarta, ga zane biyu. Na sama na tafiya ne, ta yaba masa har yana gyara zaman hula. Na ƙasa layin zuciya ne, yana tafiya sumul, amma kullum daga hantsi zuwa azahar sai ya rikice kamar haƙoran zarto. Ta ce wannan ba abin wasa ba ne, za ta canza masa magani.

Nan Baba ya fara kame-kame, daga baya ya faɗi gaskiya. Ka san shi da son jiki. Ashe tun da aka ce ya riƙa taku dubu biyar a rana, Inna yake ɗaura wa agogon da hantsi, ta yi shara da wanki, ta hau bene shanya, shi yana kishingiɗe da rediyonsa. Na fashe da dariya, sai na ga likitar ko murmushi babu. Ta ɗora yatsa kan layin ta ce ai zuciyar Inna muke kallo, a kawo ta da gaggawa.

Da muka koma gida muka faɗi abin da likitar ta ce, Yaya. Inna kuwa ta kafe, wai ita haihuwa kaɗai ke kai ta asibiti, kuma agogo bai isa ya faɗa mata abin da ke ƙirjinta ba. Baba don kunya yanzu shi ke ɗaukar tsintsiya, tana ƙwacewa.

Maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka kira ta, amma kada ka yi wa Baba faɗa, abin da ke damunsa ya ishe shi. Likitar ta ba mu Litinin da safe. Tsoro nake ji. Yau ma na tarar da ita zaune a tsakiyar matakala, kwandon wanki a cinya, tana haki, ta ce mini wai ƙafarta ce.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Auta