Agwagin Baba Sun Iso

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Nan gida kowa lafiya, sai dai abin da zan faɗa maka. Na zaɓi rubutu ne maimakon kiran waya, don ka san kunnen Baba, ko raɗa aka yi a ɗaki yana jiyowa daga zaure.

Ka tuna kududdufin bayan gona da muke yi masa dariya a kai? To, haƙarsa ta cim ma ruwa. Tun da ya bar aiki yake yashe shi, ya bar dogayen ciyayi suka kewaye bakinsa, ya yi ’yar bukkar ɓuya. Kullum sai ya watsa dusa, kajin Inna suna kallo. Ya sassaƙa agwagin icce ya shafa musu fenti, ya ɗaura musu duwatsu suna yawo a kan ruwa, wai in agwagin daji suka hango ’yan uwansu daga sama za su sauka. Wallahi sun sauka, Yaya, garke guda. Rabon da in ga Baba da fara’a haka har na manta.

Amma yanar idonsa ta ƙaru sosai, shi kuwa ya ƙi yarda. Ran Talata da sassafe ya ɗauki bindigar nan da ka ba shi ya tafi bukka. Inna ta bi bayansa neman akuyarta da ta tsinke, ta zaga ta ɗaya ɓangaren ruwan. Ya ga motsi a ciyawa ya saki wuta. Ya farfasa agwagwarsa ta icce, ƙwayar harsashi kuma ta shige wa Inna a dantse. Ko ƙara ba ta yi ba, ta lallaɓo gida da jini a zane. Ni na kai ta asibiti. Likita ya ce da ta ɗan sunkuya, da a wuya za ta same ta.

Baba bai sani ba. Ta ce masa ƙarfen shinge ne ya yanke ta, har yana yi mata faɗan rashin kula. Ta kuma ce in na faɗa masa ba ta yafe ba, wai in ya san ya harbe ta baƙin ciki ne zai kashe shi. Na ɓoye bindigar a bayan buhunan masara. Ya birkice gidan nan yana nema, jiya kuma na ji yana ce wa maƙwabcinmu maharbi ya ara masa tasa ranar Asabar. Mutumin ya amsa.

Don Allah, Yaya, ka kira shi kafin ranar. Maganarka kaɗai yake ji. Ka ce ya dakata da harbi sai an yi masa aikin ido, ko ka ce ya jira ka zo ku yi tare. Ni tsoro nake ji, don Inna ta ce in ya fita, ƙafarta ƙafarsa, ba za ta bar shi bakin ruwa shi kaɗai ba.

Ka gaishe min da matar yaya da ɗanka Sarkin Kuka da ƙannensa. Na gaishe ku a madadin Inna, don ba ta san na rubuto ba. Yanzu haka ina jiyo kukan agwagin daga nan ɗaki, ga Baba can ya fito tsakar gida yana lalumen takalmansa.

Taka ƙanwa,
Auta